Daga Akumari Zuwa Kariya: Tarihin Ɗora Kaya a Hanyar Malanville

Duk shekara idan ranar tunawa da kafa ƙungiya ta zagayo, al'adar wannan takarda ce ta kawo tarihin magabata ko na kasuwa. A bana mun ga ya dace mu kawo tarihin wani ƙarfe da kowa ke gani kullum a tasha, wato kariya, shimfiɗar ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan rufin mota don ɗora kaya, wadda masu Faransanci ke ce wa porte-bagages. Dalili kuwa shi ne, tun da aka rufe gada a 2023, da yawa daga cikinmu sun koma bin hanyoyin daji da motoci masu tsawon ƙafa irin su Hilux da Land Cruiser, kuma tambayar da ake yawan kawowa ofishin ƙungiya ita ce: wace kariya ce ta fi, kuma buhu nawa za ta ɗauka? Wannan tambaya ta girmi mota. Fataken da suka ratsa kogin nan tun kafin a haifi kakanninmu sun yi ta a kan jaki, sun kuma bar mana amsa.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19 babban fataucin wannan yanki shi ne na goro. Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega da kanwa da tufafi da fatu, ya haye kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Jugu, ya dangana da Salaga a ƙasar Gwanja, ya juyo da goro. Wasu ayarorin a nan kusa da mu suke fito, ta wajen Ilo da Gaya, su bi ta Kandi. Tafiya ce ta wata shida har shekara guda, zuwa da dawowa. Baturen Birtaniya mai suna Clapperton ya haɗu da irin wannan ayari a garin Kayama a 1826, ya rubuta cewa mutanen cikinsa sun haura dubu, dabbobin dako ma kamar haka.

Ayari yana da shugabanninsa. Madugu ne babba, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin fito da na wucewa a ƙasashen sarakuna. Amma ilimin da kowane falke, babba da yaro, ya zama dole ya iya shi ne na labta kaya. Ba a ɗora waga ko mangala a kan gadon bayan jaki kai tsaye. Sai an fara shimfiɗa akumari, domin ya raba nauyin a kan haƙarƙari, kada ya taru a kan ƙashin baya ya yi gyambo. Sai an auna ɓangarorin biyu da hannu, in ɗaya ya rinjayi ɗaya a rage ko a ƙara, har wani lokaci a sa dutse a ɓangaren da ya yi sauƙi. Kaya mai nauyi yana rataye ƙasa a gefe da gefe, tabarma da ƙwarya da buta su ne a sama. Idan an yi ɗan nisa da zango kuma sai a tsaya a sake ɗaure igiya, don an san kaya yana zama bayan an fara tafiya.

Abin da ya tsare wannan ƙa'ida shi ne dabbar kanta. Jakin da aka labta wa abin da ya fi ƙarfinsa yakan durƙushe ya ƙi tashi, ko a doke shi. Raƙumi yakan yi ta kuka ya ƙi miƙewa. Takarkari yakan tsaya cik. Falke mai haɗama ba ya yin nisa kafin dabbarsa ta tona masa asiri a gaban ayari, kuma jakin da ya yi gyambo a tsakiyar Bargu asara ce ta goron da ba ya jiran kowa.

Jirgin ƙasa, kamyo da gada

Fataucin Gwanja ya fara ja da baya bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, sa'an nan Turawa suka raba ƙasa, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko ya hau dogo. Garinmu kuwa a lokacin ƙaramin wuri ne a bakin ruwa da ake kira Tassi, wato rairayi a harshen Dendi da Zabarma. Sai a 1949 aka sa masa suna Malanville, don tunawa da Henri Malan, wanda ya taɓa yin gwamnan Dahome.

Abin da ya ɗaga garin shi ne dogon da bai iso ba. Faransawa sun shimfiɗa hanyar jirgi daga Kwatano, ta isa Parakou a 1936, nisan kilomita 438, ta tsaya a nan. Sauran kilomita fiye da 300 zuwa bakin kogi ya zama aikin mota. A shekarun 1950 suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa, don gyaɗar Nijar ta daina bi ta Kano ta riƙa sauka Kwatano. Kamyo kan hau da kayan kanti daga Parakou, ya sauko da gyaɗa. Kafin nan da jirgin fito ake haye da motoci, har aka gina gadar farko tsakanin Malanville da Gaya a 1958. A 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, wadda daga baya aka sani da OCBN. Gada ta biyu ta zo a tsakanin 1988 da 1989.

Kamyon wancan zamani mai bodin katako ne. Buhuna a ƙasa, fasinja a kan buhuna, akwatuna da kekuna a kan rumfar direba. A nan ne aka fara ganin cewa ƙarfe ba ya ƙin kaya. Duk abin da aka ɗora masa zai tashi da shi, ko da kuwa a Guéné zai karye.

Shekarun fijo

Kariya kamar yadda muka san ta ta zo ne da Peugeot, fijo a bakin mutanenmu. An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968, kuma daga 1975 kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, abin da ya sa kayan gyaransu suka wadata daga Kamba har Parakou. Doguwar 504 mai layin kujeru uku an yi ta ne don mutum bakwai ko takwas, bayanta kuma ba shi da wurin kaya sosai. Ɗan kasuwa kuwa ba ya tafiya hannu rabbana. Saboda haka kaya ya hau sama.

Waɗannan motoci suna da wani abu da ya taimaki masu walda. A gefen rufinsu akwai ɗan indararo na ƙarfe da ruwan sama ke bi, wanda ya zagaye rufin ta inda ya haɗu da jikin mota, wurin da ƙarfen ya fi kauri. Mai walda kan yi wa kariya ƙafafu uku ko huɗu a kowane gefe, su zauna cikin indararon, a matse su da noti. Nauyi yana sauka a kan ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi, ba ya taɓa tsakiyar rufi. Tsofaffin masu walda kan yanka tsohuwar taya su sa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Akumari ke nan ya dawo a wata kama.

To, me ya kawo lodin wuce kima? Lissafi ne ya kawo shi. Direba yana sayen mai don tafiya guda, yana biyan kuɗin tasha don mota guda, kuma abin da yake kashewa a shingayen hanya a kan mota ake lissafa shi, ba a kan buhu ba. Ke nan duk buhun da ya ƙaru a sama riba ce tsantsa. Mai kaya shi ma ya fi son kayansa su tafi yau da su kwana a tasha. Idan aka rufe wata iyaka kuma sai abin ya ƙaru. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, da kuma daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, motocin da ke iya bin ɓarauniyar hanya kaɗan ne, kayan da ke jira kuwa tuli, kowace tafiya sai a yi mata lodin tafiya biyu.

A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kuɗin sabuwar mota da na kayan gyara suka ninka a dare ɗaya, kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar ruwa ta Kwatano, har mutanen Najeriya suka sa musu suna 'yan Kwatano. Yawancin waɗannan sababbin samfura ba su da indararo a rufi, kuma ƙarfen rufinsu bai kai na fijo kauri ba. Amma hannun masu lodi ya riga ya saba da fijo. Aka shiga huda rufi ana ɗaura kariya, ko a liƙa ta da walda a kan fallen ƙarfe. Ruwa ya bi hujin, tsatsa ta ci, rufi ya riƙa tsagewa.

Hukumomi sun yi dokar nauyi, amma ta manyan motoci ce. Doka mai lamba 14 da ƙungiyar UEMOA ta zartar a Disambar 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane layin taya na kamyo da tirela zai ɗauka, ta kuma ce tsayin mota da kayanta kada ya wuce mita 4. Ana auna tirela a kan sikeli. Ƙaramar motar da ke ɗauke da buhu takwas a ka ba mai auna ta.

Bayan rufe gada

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe gada. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma ɓangaren Nijar ya ci gaba da zama a rufe. Kowa a cikinmu ya san abin da ya biyo baya: jerin tireloli a bakin hanya, albasa da doya suna ruɓewa, fito ya koma ga kwalekwale kamar zamanin Tassi. Wasu suka riƙa zagayawa ta Segbana da Tsamiya su ɓulla Kamba, wasu ta Madekali zuwa ƙasar Ilo, wasu kuma suka bi hanyar Karimama suna neman mashigar ruwa. Hanyoyi ne na rairayi da gargada da kwazazzabai, da damina kuma fadamun Sota da Alibori su cika su tare hanya.

Wannan ne ya sa mota mai jan ƙafa huɗu ta yi daraja a wurinmu. Sai dai akwai abin da ya kamata a sani game da ita. Tsawon ƙafar da ke sa ta tsallake kwazazzabo shi ne kuma ke sa ta saurin kifewa, domin nauyinta ya riga ya yi sama tun ba a ɗora mata komai ba. Mu mutanen bakin kogi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Buhu a cikin kwalekwale a ƙasa ake jera shi, kuma ba a barin fasinja su miƙe tsaye a tsakiyar ruwa. Motar da aka tula wa kaya a ka, idan tayoyin gefe ɗaya suka faɗa rami ko direba ya kauce wa saniya da sauri, kwalekwale ce da mutanenta suka miƙe.

Yadda za a zaɓa

Farko a tambayi motar. Yawancin kamfanoni suna rubuta nauyin da rufin motarsu zai iya ɗauka tana tafiya, yana cikin littafin da ke zuwa da ita, in ya ɓata kuma dillalan kamfanin suna da shi. A yawancin ƙananan motoci da a-kori-kura adadin yana tsakanin kilo 50 da 100, kuma nauyin kariyar kanta yana ciki. Tsofaffin samfura masu indararo, irin Land Cruiser jerin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, sun fi jure kaya a ka, amma su ma suna da iyaka. Wannan adadi kuma na kan kwalta ne. A kan gargada kaya yana tashi yana faɗowa, kowane faɗowa duka ne a kan ƙafafun kariya, shi ya sa masu ƙera kariya da yawa ke cewa a rage wajen kashi ɗaya cikin uku idan an sauka daga kwalta.

Mu yi lissafin da kayan da muka sani. Doguwar kariyar baƙin ƙarfe tana iya kai kilo 40. Idan iyakar rufi kilo 100 ce, saura 60: buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 da 'yar jaka. Babban buhun masara mai kilo 100 shi kaɗai ya wuce iyaka. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, ta man gas kuwa ta haura kilo 20, ke nan jarka huɗu sun cinye rufin gaba ɗaya. Mun san wani zai yi dariya ya ce ya ga fijo da buhu goma a ka ta isa Kandi lafiya. Gaskiya ne, ta isa. Amma a tambayi makanikai abin da suke gani bayan shekara: ginshiƙi ya tsage, ƙofa ta daina rufuwa, gilashin gaba ya dare ba wanda ya jefe shi, sifirin ya kwanta. Waɗannan su ne gyambon mota. Jaki ranar da aka zalunce shi yake nunawa, mota kuwa tara abin take yi sai ranar da ta ga dama.

Na biyu a duba ƙafafu. In motar tana da indararo, a nemi kariya mai ƙafafu da yawa, masu faɗin tafi, a daidaita su da ginshiƙan ƙofofi, a sa roba a ƙarƙashinsu. In ba ta da shi, akwai wuraren da kamfani ya tanada a rufi, galibi a ƙarƙashin baƙar robar da ta bi tsawon rufin, a nan ake ɗaurawa. Kada a bari a huda rufi a inda aka ga dama, kada kuma a liƙa kariya da walda, domin abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi a duba tsatsa. Masu a-kori-kura su lura da wani abu: gidan direba da bodin baya ba tare suke motsi ba, kowanne yana murɗawa daban a kan hanya marar kyau. Kariyar da aka kafa ƙafafunta na gaba a kan gidan direba, na baya a kan bodi, za ta karye ko ta tsaga rufin. A yi wa bodi nasa firam daban.

Na uku a duba nauyin kariyar. Kowane kilo na ƙarfenta kilo ne da aka rage daga kayan da za ta ɗauka. Ta alminiyam ta fi sauƙi kuma ba ta tsatsa, sai dai tana da tsada, kuma in ta tsage ba kowane mai walda ke da injin liƙa ta ba. Wanda zai ba mai waldar gari aiki ya ce a yi masa da bututun ƙarfe mai rami a ciki, kada a yi da rodin gini, a shafa fentin hana tsatsa kafin a ɗora, a kuma auna ta a kan sikeli ya san abin da ya saya. Dogayen bangaye a gefe kiran kaya suke yi. Gajeren baki mai wuraren ɗaura igiya ya wadatar. Araha ba ta ado, amma kauri ma ba shi ne ƙarfi ba.

Na huɗu shi ne lodin kansa, kuma a nan ba abin da za mu ƙara a kan na fatake. Buhunan hatsi da siminti da jarkoki a ƙasa, a tsakanin tayoyin gaba da na baya. Katifa da robobi da tabarmi da kwanduna a sama. Dama da hagu su daidaita. A ɗaure da igiya ko bel mai ƙarfi, domin robar tayar da aka saba ɗaurewa da ita tana miƙewa ta bar kaya yana rawa. Bayan an yi 'yan kilomitoci a tsaya a ƙara matsewa, a kuma taɓa notocin ƙafafu duk safiya. Mutum kuwa ba kaya ba ne, ba shi da wuri a kan kariya, ko yaron mota ne.

Abin da ya rage gare mu

Kayan da ke kan mota ɗaya a tasharmu ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai buhun hajiyar da ta kwashi adashe, akwai na yaron da ubangidansa ya ba jari karon farko, akwai na wanda ya karɓo bashi a Parakou da alkawarin biya ran kasuwa. Idan mota ta kife a kwazazzabo, jarin gida goma ne ya zube, in ma Allah ya tsare rayuka. Sa'an nan shari'ar ta dawo ofishin ƙungiya, direba ya ce masu kaya ne suka matsa masa, masu kaya su ce direba ne ya karɓi kuɗi.

A zamanin ayari madugu ba ya barin a tashi sai ya zaga ya ga ɗaurin kowa, domin jaki ɗaya da ya zubar da kaya yana tsayar da mutum dubu. Yau ba madugu a hanya, dabbar da za ta ƙi tashi ma babu, saboda haka aikin ya dawo kan ƙungiya. Shawarar da muke kawowa gaban shugabanni da taron bana guda biyu ce, kuma ba mai tsada a ciki. A ajiye sikeli a wurin lodi, a auna abin da zai hau sama kafin ya hau. Kowace motar da ke lodi da sunan ƙungiya kuma a rubuta mata da fenti a jikin kariya adadin kilon da za ta ɗauka, yadda direba zai samu abin nuna wa mai kaya, mai kaya ma ya samu abin nuna wa direba. Idan buhu biyu suka rage, su jira mota ta gaba. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka buɗe wannan hanya da ƙafa da jaki, ya sanya albarka a kasuwa, ya kawo ranar da gada za ta koma yadda muka san ta, ya kuma kai kowa gida lafiya da kayansa. Amin.